Farfesa Ya Dawo Gida

Millers Ford, Indiana
Yuli, 1863

Zuwa ga maigidana Silas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokanka na rundunar doki. Yaya tarin nan naka? Ni dai kalau nake.

Yaƙin da ka tafi nema har Tennessee ya zo ya same ni a tsakar gida ina shanya. Mahayan Kudu, abokan gāban da kuke yaƙa, sun ƙetaro kogi ranar Laraba. Dakarun sa-kai na garinmu, da suka daɗe suna atisaye a bayan coci, sun yi harbi ɗaya, saniyar maƙwabcinmu Pruitt suka samu. Shi kuwa Pruitt, kyaftin ɗinsu, washegari aka zaƙulo shi daga rumbun masara yana cewa dabarar yaƙi ce.

Na ɗauka mun tsira, tunda gonarmu ba a bakin hanya take ba. Sai ga wasunsu ta cikin itatuwan tuffa, ɗaya da bandir ɗin yadi a sirdi, wani rungume da agogon bango. Na gabansu, wani dogo mai giɓi, ya cire hula ya ce, "Uwargida, musaya za mu yi. Ki ba ni goɗiyarki, in bar miki tsohon nan. Ke ce da riba, ya fi ta hankali." Na ce masa a jami'a an koya mini sunan irin wannan ciniki da Latin. Ya yi dariya, ya tafi da goɗiyar, ya haɗa da burodina mai zafi.

Dokin da ya bari ƙashi ne da fata, laka ta rufe shi, bayansa duk gyambo. Ban ko dube shi ba. Sai ya taka zuwa barga, ya sa leɓe ya ɗaga sakata, ya shige.

Silas, doki ɗaya na sani mai buɗe sakatar nan. Na wanke masa goshi, ga farin tabon. Farfesa ne, dokin da ka tafi a kansa.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne. Ka ce kana barci aka sace shi. Na yi alkawari ba zan wuce shekara ina yi maka dariya ba.

Matarka mai jiranka,
Lavinia


Agusta, 1863

Zuwa ga Mama Orpha,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar taki? Mama, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, maganar ɗanki ce.

Kin ji labarin dokin. Silas bai amsa wasiƙata ba, ofishin soja kuma sun ce suna bincike. Da na ji sojojinmu sun kama wasu mahayan a mashigar kogi, an tsare su a sito, sai na gasa kek ɗin tuffa na tafi, don na lura yunwa ta fi alƙali iya tambaya.

Mai giɓin yana cikinsu, ya gane ni. Ya ce, "Uwargida, in goɗiyar kika biyo, kin makara, naku sun karɓe ta." Na ce tambaya ɗaya gare ni: me ya kawo shi gonar da ba a hango ta daga hanya?

Ya ce, "Ba ni na zaɓi gidanki ba. Muna isa mararraba dokin ya karkata, na ja linzami har hannuna ya yi jini, ya ƙi. Na ce to, bari in ga abin da ya sani."

Na tambaye shi inda ya samo shi. Nan dariyar ta ɗauke. Ya ce a bakin wani rafi a Tennessee, bayan an gama faɗa. Dokin yana tsaye kusa da gawar wani mai jan gemu, da tabarau ɗaure da zare. Ya ce shi da kansa ya rufe masa fuska da hula.

Mama, ni na ɗaura zaren nan.

Na miƙa masa kek ɗin. Ban san me kuma ake yi ba.

Sojojinmu suna bi gida gida suna kwashe dawakin da mahayan Kudu suka bari, wai na gwamnati ne. Farfesa yana falo, a bayan labule, ya cinye rabin tabarmar ƙofa. Ki zo, Mama. Ba zan iya ɓoye shi ni kaɗai ba.

'Yarki,
Lavinia