A Mayar wa Gemu da Fitilunsa

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Wutar Sola na unguwarmu, Warra, ƙaramar hukumar Ngaski.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ce Rabi mai bandar kifi ta bakin tafki, matar marigayi abokinka. Na zo gidanka da wannan magana, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce in je za a duba. Har yau ba a duba ba, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya gani.

Kowa a unguwar nan ya san akwai ƙadangare a ɗakina. Na autana Nasiru ne. Wani abokinsa ya ba shi a Abuja, irin na hamadar wata ƙasa mai nisa, mai ƙayoyi a haɓa, shi ya sa muke ce masa Gemu. Da Nasiru zai tafi bautar ƙasa can kudu, sai ya bar mini shi a akwatinsa na gilashi, ya nuna mini yadda ake kula da shi, ya ce amana. Da farko ko kallonsa ba na son yi. Yanzu in na shigo da gyare da ganye, shi ke fara ɗago kai ya tarbe ni.

Tun farkon watan nan mai gyaran wutar kwamiti ya shigo duba kayan wuta. Ya taɓa ƙwan fitilar da ke saman akwatin, ya ƙone yatsa, ya ce hita ce, kuma doka ta hana hita. Bai tsaya jin bayani ba ya hau falwaya ya yanke wayar gidan baki ɗaya. Ga abin da nake so ka sani.

Na farko, fitilun biyu ne, kowacce da aikinta. Ɗaya ƙwai ne mai zafi, yana haska dutse guda a kusurwar akwatin, inda Gemu ke kwanciya bayan ya ci. In jikinsa bai ɗumama ba, abincin zama yake a cikinsa bai narke ba. Ɗaya kusurwar kuma a bar ta da sanyi, in zafi ya ishe shi ya koma can. Fitila ta biyun doguwa ce siririya, ba ta da zafi, tana ba da irin hasken rana da ke sa ƙashinsa ya yi ƙwari. In babu ita ƙashi laushi yake yi, har muƙamuƙi ya kasa tauna.

Na biyu, na san tsoronku batir ne, kada ya ƙare a bar unguwa cikin duhu. To fitilun nan da rana kaɗai suke ci. Da magariba nake kashe su, domin shi ma duhu yake so ya yi barci. Ƙwan zafin wat saba'in da biyar ne, a rubuce yake a jikinsa, duk mai shakka ya zo ya karanta. Ina aka taɓa haɗa wannan da dutsen guga?

Na uku, shawarwarin da ake ta ba ni. Kowa cewa yake, ƙadangare ne fa, ki fitar da shi rana kamar 'yan'uwansa, zafin ƙasar Yauri bai ishe shi ba? Alhaji, damina muke ciki. Hadari kan wuni a kanmu, ga laimar tafki ta cika ɗaki, shi kuwa ɗan busasshiyar ƙasa ne. In na fitar da akwatin gilashin rana ta buɗe, gasa shi zai yi da ransa. In na fito da shi a kwando, sai na zauna da sanda ina gadin shirwa da kyanwa, kifina na can yana ƙonewa. Wata maƙwabciyata, da zuciya ɗaya, ta ce in ajiye shi gefen banda ya ji ɗumi. Ni da nake tari kullum saboda hayaƙin nan, yaya zan kai masa ɗan mitsitsin huhunsa? Sake shi kuma ba zai yiwu ba, bai san neman abinci ba, bai san gudu ba. Ya zame mini ƙadangaren bakin tulu na gaskiya.

Yanzu ya daina ci. Haɓarsa ta yi baƙi ƙirin, yana kwance shame-shame, jiya kuma na ga ƙafarsa ta baya tana rawa. Tsoro nake ji, Alhaji. In na tashi asuba, kafin in yi alwala sai na leƙa in ga ko cikinsa na motsi. Nasiru in ya bugo waya ya tambayi lafiyar Gemu, sai in ja hirar zuwa wani wuri, don ban iya yi masa ƙarya ba, ban kuma iya faɗa masa gaskiya ba. Kuma kai ma ka ji malamai na ba da labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Wannan halitta a hannuna take a tsare. In ta mutu, ni za a tambaya, amma ba ni kaɗai ba.

Ba na neman a hukunta mai gyaran wuta, aikinsa ya ga kamar yana yi. Roƙona shi ne ka turo wani ya duba fitilun da idonsa, a mayar da wayar kafin Juma'a. In kuwa kwamiti ya ga lallai gidana ya yi wa layin nauyi, na yarda a cire fankata, a cire talabijin, a cire har ƙwan tsakar gida. Ku bar mini soket ɗaya tak na ɗakin Gemu. Da aci-balbal na girma, mafici kuma bai ƙare a kasuwa ba. Ni zan iya jurewa, shi ba zai iya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuri'a, ya sa kada a taɓa ba ka amanar da za ta lalace a hannunka kana kallo.

Wassalam.

Rabi mai bandar kifi,
Bakin tafki, Warra.