Na Cike Ramin Ɗakinku, Kun Riƙe Mini Takarda

Zuwa ga Hajiya Shugabar Kwalejin Horon Malamai Mata,

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗaliba ga malamarta, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da sauran malamanmu. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah Ya taimaka.

Sunana Saude Mamman, daga Kwanyawa ta ƙasar Karaye. Ina cikin 'yan aji biyar da suka fita daminar bara, kuma ni ce shugabar ɗaki na shida a gidan kwanan da ke kusa da famfo. Na san ba tarbiyya ba ce 'ya ta kai maganar uwarta jarida. Amma na aiko wasiƙa biyu ban ga amsa ba, na zo da ƙafata sau uku ban wuce bencin ƙofar ofishinki ba, kuma lokaci ya ƙure mini.

Sakamakonmu ya fito, na ci. Amma ma'ajin kwaleji ya riƙe takardata, wai sai na biya Naira ɗari da arba'in, kuɗin ɓarnar da na yi wa ɗaki. Ga shi ofishin ilimi na yankinmu yana ɗaukar malamai, akwai gurbi a firamaren Fulatan, kuma Litinin ɗin ƙarshen wannan wata za a rufe karɓar takardu. Wadda ba ta kai tata ba sai wata shekarar, in ma da rabo. Don haka ina roƙon ki karanta abin da ya faru daga bakin wadda aka ce ta yi ɓarnar.

Na ɗaya. Ranar da aka ba mu ɗakin, mu takwas, akwai rami a simintin ƙasa, daidai inda ƙafa take sauka in an shigo. Faɗinsa ya kai faifai biyu, zurfinsa har idon sawu. Ba mu muka yi shi ba, domin bakinsa har ya yi santsi saboda tsufa. Inna, dattijuwar da ke kula da ɗakunan kwananmu, ta miƙo mini takardar da shugabar ɗaki take sa wa hannu a kan ta karɓi ɗaki lafiya. Ta ce ga masaukinmu nan, da fatan ya yi. Na ce ya yi, mun gode, na sa hannu.

Wannan kuskurena ne, ba na musu. Amma a gidanmu haka aka koya mana: in babba ya ba ka masauki, godiya kake yi, ba ka tsayawa a gabansa kana ƙirga masa aibun ɗakinsa. Binta, shugabar ɗaki na bakwai, 'yar birni ce. Ita sai da ta cika bayan takardar da rubutu, gilashin taga nawa ya fashe, wane gado ne ya karye, har da nasu ramin. Inna tana tsaye tana jiranta. Wallahi ni kunya ce ta kama ni a madadinta, har muka riƙa yi mata dariya muna cewa ta zo da halin masu karɓar haraji. Yau Binta tana gida da takardarta.

Na biyu. Sau biyu ina gaya wa Inna maganar ramin. Ta ce ta kai wa masu gyara, sun ce babu siminti. Muka ci gaba da tsallake shi. In an yi shara ƙasa ta taru a ciki, in an yi ruwa ya zama kududdufi, sau ɗaya ma mun kashe kunama a ciki. Ana nan, ranar wata Alhamis da safe, Talatu, 'yar ɗakinmu, ta shigo da bokitin ruwa a ka, ƙararrawa tana kaɗawa, ta manta da ramin. Ƙafarta ta gurɗe, ta yi mako uku ba ta taka ta ba, ana saura kaɗan mu tafi koyarwar gwaji. Littafin ɗakin shan magani yana nan, a duba.

Na uku. Da muka je hutun tsakiyar zango na ba mahaifiyata labari. Sai ta ɗaure mini makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake daɓe da shi, a tsumma, ta ba ni aron madaɓinta. Ranki ya daɗe, ko da ba ki tashi a ƙauye ba, kin san daɓe. Duk ɗakin da ke gidanmu da shi aka yi ƙasansa, kuma na kakata ya girme ni, har yau bai tsage ba. Ranar Asabar bayan duba tsabta muka ɗebo jar tsakuwa a bayan ɗakin girki, muka cike ramin, muka yayyafa ruwan makubar da muka jiƙa, muka yi ta bugu bi da bi har hannuwanmu suka yi kanta. Da ya bushe ya yi ƙarfi, ya yi sumul, sai dai launinsa ja ne mai duhu, domin haka makuba take yi. Inna ta zo ta danna shi da diddige, ta sa mana albarka, ta ce rabonta da ganin daɓe mai kyau haka tun tana amarya. Daga ranar har muka fita babu wadda ta sake faɗuwa.

Na huɗu. Makon da za mu tafi, mai duba gine-gine ya zagayo da littafinsa. Ya shiga ɗaki na bakwai, ya tsallake raminsu da ƙafarsa, ya ga an rubuta shi tun farko, ya wuce. Ya shigo namu, ya tsaya a kan daɓen, a kansa fa yake tsaye, ya tambayi wa ya yi wannan. Na ce ni ce, har ina murmushi, don na zaci yabo ne zai biyo baya. Ya yi rubutu ya fita. Sai da na zo karɓar sakamako ma'aji ya karanta mini abin da aka rubuta: wai an fasa simintin ɗaki, an cusa ƙasa, an ɓata launi, kuma shugabar ɗaki ta amsa da bakinta.

Ranki ya daɗe, a nan ne hankalina ya kasa ɗauka. Ɗakin da aka bar rami a buɗe ba a ci shi tara ba. Ɗakin da aka cike shi ne mai laifi.

Na biyar. Na nemi Inna ta yi mini shaida. Ta ce ta tuna komai, amma ita ce ta karɓi takardar da ta ce ɗaki lafiya, in ta buɗe baki yanzu kanta za a juyo, ga shi saura mata shekara guda ta ajiye aiki. Ta riƙe hannuna ta ce in yi haƙuri in biya. Ban ji haushinta ba, kuma ina roƙo kada wannan wasiƙa ta jawo mata komai. Ma'aji kuwa cewa ya yi shi ba ya aiki da labari, da takarda yake aiki, kuma sa hannuna ne a kai.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifina manomi ne, ba ya son a ji sunansa a bakin hukuma ko da shi ne mai gaskiya. Abin sayarwar da ya rage a gidanmu a wannan bazara shi ne irin gyaɗar da ya ajiye don shuka. Shekaranjiya na tarar ya sauko da shi daga rumbu, zai kai kasuwa. Na durƙusa na roƙe shi ya ba ni mako guda. Ya ce mako guda, ba ƙari. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. In ya sayar, gonarsa ta gyaɗa za ta kwana bana. In bai sayar ba, gurbin Fulatan ya wuce ni. Tun ranar ina jin nauyin haɗa ido da mahaifiyata, domin ita tana ganin makubarta ce ta jawo.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

A tura wanda kika yarda da shi ɗaki na shida, ya dubi gefen daɓen, zai ga tsohon bakin ramin yadda ƙafafu suka siɗe shi shekara da shekaru. A kira Talatu da sauran 'yan ɗakin, duk suna raye. In an ga gaskiyata, a sake mini takardata kafin Litinin ɗin nan.

Sannan, don Allah, duk shekara a tara sababbin shugabannin ɗaki a faɗa musu da Hausa, ba a takarda kaɗai ba, cewa rubuta abin da ya lalace ba rashin kunya ba ne, kuma kada su gyara komai da hannunsu sai an ba su izini a rubuce. 'Yan ƙauye irina suna da yawa a kwalejin nan, kuma duk abin da na yi shi za su yi.

Na ƙarshe, in doka ta ce lallai sai an mayar da ɗaki yadda aka same shi, to a sanar da ni. Na san inda ramin yake, na san faɗinsa da zurfinsa. Zan zo da fartanyata in haƙe daɓen tas, in mayar wa kwaleji raminta, a miƙo mini takardata a bakinsa. Sai dai a gaya wa yaran da ke kwana a ɗakin yanzu su riƙa duban ƙasa in sun ɗauko ruwa.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ki ikon yin adalci tsakanin 'ya'yan da aka damƙa miki, Ya sa ki gama da aikin nan lafiya.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Saude Mamman Kwanyawa