Shekara biyu tana waƙa a makirfon da na sa aka kashe

Salama a gare ku 'yan wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana, akwai 'yan makarantarmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, na yi abin da ko a addu'a kunyar ambatonsa nake ji.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a wata makarantar koyon jinya a nan Kano, gidanmu yana Tarauni, kuma ni ce shugabar mawaƙa a zumuntar ɗalibai Kirista ta makarantarmu. Babana ya daɗe yana koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, a cocinmu, kunnensa na gada, in mutum ya kauce wa murya ko kaɗan ne sai in ji har cikin haƙorina. Na san ina da zafi a kan waƙa, 'yan kwaya ma Kwamanda suke ce mini a bayan idona, a zatonsu ban sani ba.

Akwai wata 'yar ajinmu, bari in kira ta Rifkatu, tana zaune gidan ƙanwar mamanta a Gyadi-Gyadi. Ta shigo kwaya muna ajin farko, wata biyu da rasuwar babanta. Ba ta taɓa fashin rihazal ba, ita ke fara zuwa ta share aji ta jera kujeru, wani lokaci daga asibiti take fitowa ko yunifom ba ta cire ba. Amma gaskiya ɗaya ce, Rifkatu ba ta da murya. In mun yi gabas ita yamma take yi, ga muryar da ƙarfi, sai ta ja duk wanda ke kusa da ita su kauce tare. Sau uku ina shirin gaya mata, in na kalli fuskarta sai in fasa.

Da aka gayyace mu taron waƙa tare da zumuntar wasu makarantu, tsoron jin kunya ya kama ni. Na ja Broda Bulus gefe, shi ne mai kula da kayan sautinmu, na ce in an gama gwajin makirfo ya sauke sautin nata gaba ɗaya. Ya ce wannan ba daidai ba ne, na ce masa rana ɗaya ce kawai, muka ɗan yi musu, a ƙarshe ya bi. Ya naɗa jan salatif a gindin makirfon don kada ya rikice da sauran. A ranar, waƙarmu ta yi daɗi, har wani fasto ya ce bai taɓa jin muryoyinmu sun haɗu haka ba, ni kuwa sai fasa kai nake. Daga nan rana ɗaya ta zama shekara biyu. Sifikunmu jama'a suke fuskanta, ga ganga ga jita, mu ba ma jin kanmu sosai, shi ya sa ba ta taɓa ganewa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ta ɗauki makirfon nan nata ne na musamman. Ta saya masa sabon soso, tana cirewa ta wanke duk mako. Rabin 'yan kwaya sun gano, in wani ya yi kuskure a rihazal sai a ce “a ba shi ja”, a fashe da dariya, ita ma tana taya su ba ta san da ita ake ba. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Ranar Lahadin da ta wuce aka ba da lokacin shaida a sujada, sai ta miƙe. Ta ce a cocin ƙauyensu malamin kwaya ya taɓa ce mata ta riƙa motsa baki kawai kada ta fitar da murya, tun daga nan ta daina waƙa. Ta ce bayan babanta ya rasu ta kasa yin addu'a, in ta durƙusa ba abin da ke fitowa, waƙar da take yi a kwayarmu ce ta zama addu'arta har ta dawo wa Ubangiji. Sannan ta nuna ni, ta ce, “Sistar nan ita kaɗai ce ba ta taɓa ce mini in yi shiru ba, har makirfo nawa na kaina ta ba ni.” Aka yi ta tafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, Broda Bulus kuwa kansa na ƙasa har aka tashi.

Bayan sujada ta riƙe hannuna ta ce tana roƙon alfarma ɗaya. A bikin sallamar 'yan ajin ƙarshe tana so ta yi baiti ɗaya ita kaɗai, cikin waƙar da babanta ya fi so, domin mamanta za ta zo tun daga Zonkwa da wasu 'yan zumuntar mata biyu. Bakina ya riga kaina, na ce mata ba damuwa.

Mataimakiyata ta kawo shawara wai ita ta tsaya daga baya ta yi baitin a makirfo mai rai, Rifkatu na gaba da nata a kashe, ba wanda zai gane. Da Broda Bulus ya ji ya yi fushi sosai, ya ce shekara biyu yana cin jibin Ubangiji da wannan abu a zuciyarsa saboda ni, in muka ƙara wata ƙaryar a kai to mu nemi wani mai kayan sauti. Na gaya wa Mama a gida ina tsammanin za ta lallashe ni, sai ta ce, “Ke dama wa kike yi wa waƙar, Allah ko masu tafi?”

Jiya a rihazal na yi ta maza na ce wa Bulus ya buɗe nata. A ajin da muke rihazal sifika mu take kallo, kuma ba a buga ganga ba. Ta fara baitin, ta yi layi ɗaya ta tsaya cak, ta kalli makirfon, ta ce, “Broda Bulus me ka taɓa? Yau wata irin murya yake fitarwa, don Allah ka mayar mini da shi yadda yake kullum.” Ba wanda ya yi dariya. Bulus ya zuba mini ido yana jira, ni kuma na gyaɗa masa kai. Ya sake kashewa, ta rufe ido ta yi baitin har ƙarshe tana hawaye, ta ce yanzu ya gyaru.

Bikin ranar Asabar ne, mamanta jibi za ta taso. In na gaya mata gaskiya ina tsoron in ƙwace mata abin da ya dawo da ita wurin Allah, ta gane shekara biyu muna yi mata dariya. In na yi shiru na buɗe makirfon, a gaban mamanta da cikar ɗaki za ta ji abin da ta ji jiya. Ba ina neman a wanke ni ba ne, na san laifina ne. In gaya mata kafin Asabar ko in bari sai bayan biki? In kuma gaya mata zan yi, don Allah ku faɗa mini da wace kalma zan fara, domin ɗazun nan ta turo mini saƙo tana tambaya ko ta yi ƙoƙari jiya, har yanzu ban ba ta amsa ba.