Baba Ya Aiko Min Da Irin Shukarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kunya ta rufe min baki har abin yana neman cin gonar mahaifina.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tanut, iyayena manoma ne a Falanko. Tun haihuwata ta uku ƙiba ta kama ni, ga hawan jini ga suga, har na koma sallah a zaune. Inna kuwa alfahari take da jikin nan, duk biki sai ta nuna ni, wai ɗiyarta ta faɗa gidan hutu. Da likita a Damagaram ya rubuta min allurar rage ƙiba, sai na roƙi maigidana kada kowa ya ji. Allurar tana kashe yunwa, loma uku na ƙoshi, cikin wata bakwai na zube sosai, yanzu goshina yana kai wa ƙasa a sujada.

Da na je gida suna, Inna ta kalli wuyana ta fashe da kuka. Bara damina ba ta yi kyau ba, duk garin an rame, da wane baki zan ce ni kuɗi nake biya don kada in ji yunwa? Sai na ce aiki ne. Kafin in dawo magana ta zaga, wai mijina ya kasa ciyar da ni. Yayana ya tare shi a kasuwar dabbobi, gaban abokan sana'arsa, ya ce in ba zai iya ba ya maido musu 'yarsu. Bawan Allah ya ƙi tona asirina saboda alkawarin da ya yi min, ni kuma ko haɗa ido da shi na kasa.

Shekaranjiya motar kasuwa ta sauke min buhun hatsi daga Baba. Ina kwance bakin na gane shi, irin shuka ne, wanda yake zaɓa zangarniya-zangarniya ya ɓoye, ko muna yara muna kukan yunwa ba ya taɓa shi. Wallahi na tsani kaina a ranar.

Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas. In na mayar ba bayani Baba zai ce na raina kyautarsa, in na yi shiru ruwa zai sauka ba shi da abin shukawa, kuma sunan mijina yana nan a ɓace. Jama'a, ta ina zan fara gaya wa tsohon nan cewa ramar da ya ba da irinsa dominta, ni na saye ta da kuɗina?