Saƙon da Na Sassauta

Gidan Gwaggo Asana, unguwar Malam
Litinin

Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gajiyar kwashe laka? Ya jikin surukata Mma? Tun da ruwa ya ci wayata na koma takarda, Tijani direban motar haya, trotro, zai kawo maka. Na daɗe ina sha'awar rubuta maka wasiƙa irin ta cikin littattafai, amma ban so ta fara da jaje ba.

Kwana huɗu ke nan da ka kawo ni nan. Gwaggo ba ta barina in ɗaga ko bokiti saboda cikin nan. Duk da haka ko na rufe ido, babbar kwatar unguwarmu Maamobi nake gani ta tumbatsa bayan azahar, ruwa yana shigowa gida da robobi da takalman mutane, tukunyar kokon Mma tana yawo a tsakar gida kamar kwalekwale.

Don Allah ka gaya mini, an buɗe adakar marigayi Baba? Takardun sun tsira?

Ka gaishe mini da Mma, ka ce na durƙusa.

Matarka,
Sherifa

Maamobi
Laraba

Sherifa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Laka ta fita, wari ne ya rage.

An buɗe adaka. Alƙur'anin Baba yana rataye a bango, bai jiƙe ba, alhamdulillahi. Amma littafin asalin gida ya tafi. Tawada ta narke, takardu sun manne kamar tuwo. Sunayen kakanninmu goma sha ɗaya tun daga Kano, ta garin Salaga, har unguwar Nima da ke maƙwabtaka da mu, babu ko ɗaya da ake iya karantawa.

Mma ba ta kunna wutar koko ba tun ranar. Abinci ma sai an yi da gaske. Cewa take ita ce ta ci amanar Baba, don ita ta bar adakar a ƙasa. Ta ce kin karanta mata saƙon masu hasashen yanayi, ita ce ba ta ɗauka da zafi ba.

Tambaya ɗaya. Na sami littattafanki na soyayya a saman kabad, cikin leda, an ɗaure. A ƙarƙashin gado kike ajiye su. Yaushe suka hau sama?

Ki riƙa shan maganinki.

Jalilu

Unguwar Malam
Alhamis

Maigidana,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka sau uku, na yaga takarda biyu kafin wannan.

Da hantsin ranar suka hau. Ni na ɗora su.

Ka san duk saƙon Turanci da ya shigo wayar Mma, ni take miƙa wa. Kuma ba jahilci zan fake da shi ba. Malamarmu ta Turanci ta taɓa bambance mana kalmomin nan, har yau ina jin muryarta. In an ce "caution", ka taka a hankali ne. In an ce "alert", ka kasa kunne, ka zama cikin shiri. In kuwa an ce "warning", abin ya iso bakin ƙofa, ka tashi.

Ka tuna watan jiya? "Alert" aka aiko, amma na ƙara masa gishiri irin na labarai. Na ce Maamobi za ta nutse. Na sa Mma ta kwashe kayanta zuwa benen maƙwabtanmu su Hakim, bayanta ya riƙe, ta rasa cinikin yini guda, ko yayyafi ba a yi ba. Matan layi suka sa mini suna Rediyo Maamobi. In na fito ɗebo ruwa sai Latifatu ta ce, "Rediyo, yau teku zai zo ko gobe?" Wannan bai dame ni ba kamar maganar Mma. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Yar nan, littattafan nan sun cika miki kai."

To ranar ambaliya Mma tana tace gasara ta miƙo mini waya. Kalmar farko "warning" ce, da manyan baƙaƙe, an ce mazauna bakin kwata su kwashe kaya su hau tudu. Na gane sarai. Na dubi bayanta da bai gama warkewa ba, na tuna Rediyo, na kuma tuna cewa wata bakwai kacal na yi a gidan. Yaya zan buɗe baki in ce wa surukata ta tashi yanzu-yanzu? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Mma, sun ce wataƙila a yi ruwa."

Ta ce, "Damina ce ai." Ta ci gaba da tacewa.

Ni kuma na shiga ɗaki na ɗaure littattafaina. Na wuce ta gaban adakar Baba sau biyu. Na ce a raina in hadari ya haɗu zan yi magana. Da ya haɗu, ruwa ya riga bakina.

A labaran da nake karantawa, mace takan yi kuskure don ƙauna. Ni kunya da tsoron dariya suka sa ni. Na tsirar da labaran mutanen da ba a taɓa haifa ba, na bar sunayen kakannin ɗan da ke cikina.

Ka karanta wa Mma wannan, kada ka sassauta ko kalma ɗaya. Ta daina ɗora wa kanta. In ta ce in zauna nan, zan zauna.

Mai neman gafara,
Sherifa

Maamobi
Asabar

Sherifa,

Na samu wasiƙarki. Kwana biyu tana aljihuna, kuma har yanzu raina bai huce ba. Yau na karanta wa Mma duka. Abin da ke ƙasa maganarta ce, ni hannu ne kawai.

'Yar nan, ina gaishe ki, ya nauyin jiki?

Na ji. Kin yi laifi, ba zan ce ba ki yi ba. Ni ma da na toshe miki baki da maganata, nawa yana nan. Gobe in wuta ta kama zanena, kada ki durƙusa ki ce wataƙila. Ki yi ihu, Latifatu ta yi dariyarta.

Baban Jalilu yakan karanta mini sunayen nan duk Sallah. Tun jiya nake lissafi da yatsu. Bakwai na kamo. Huɗu sun tafi, sai dai mu haɗu da su a can.

Ki biyo Tijani ranar Litinin. Ki zo da biro da littafi mai bango mai ƙarfi, tun bakwai ɗin ba su zama shida ba.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mma