Ɗigonka Ya Yi Kore a Sharabi

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa daga Bagudo, da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, ko a wace ƙasa kake.

Ranar Talata da hantsi, na gama shara na kunna kwamfutar shago, sai na ga ɗigonka ya yi kore.

Ka tuna allon da muke duba eriyoyin intanet ɗinmu? Da can lambobi ne zalla da Turanci. Eriyar Bahindi ta mutu kwana biyu, ina kallon allon ban gane ba. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce laifin allo ne, ba nawa ba. Ka zauna ka cire lambobin, ka sa sunan kowane gari da ɗigonsa. Kore lafiya, ja a hau babur. Can ƙasa ka sa ɗigon wayarka, don in san eriyar da kake kusa da ita.

Tun da ka haye Benin neman aiki, shekara ta biyu ke nan, ɗigon nan toka-toka yake. Lambarka ba ta shiga. Kullum shi nake fara dubawa, kafin na garuruwa.

To ranar ya yi kore a eriyar Sharabi, bai wuce minti uku ba ya koma. Na ɗauki babur na tafi. Masu sussukar gero kawai na iske, babu wanda ya gan ka.

Sabon injiniya, Malam Kabiru, yana gyaran allon, kuma aikinsa na kyau. Yanzu har a waya yana buɗewa. Amma ya ce duk na'urar da ta daɗe ba motsi goge ta zai yi, wai tana cika allon. Ya ce wataƙila ma sayar da wayar ka yi. Na roƙe shi, ya ɗaga mini zuwa ƙarshen wata.

Yaya, in kai ne, ba sai ka shigo gida ba. Ka dai sake ratsawa ta Sharabi da wayar a kunne. Ya ishe ni abin kai wa Inna.

Allah ya tsare ka, ya karkato da hankalinka gida.

Kuma kada ka ce mafarki na yi. Lokacin Malam Kabiru na tsaye bayana, da Baba Ɗanjuma maigadi. Baba bai iya boko ba, amma ya san kore.

Ƙaninka,
Nasiru