Man Ayun Inna

Zuwa gare ki Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. To, ko da kina raye ma ai ba karantawa za ki yi ba, miƙo min za ki yi ki ce in karanta miki, kina katse ni a kowane layi kina tambayar ko na ci abinci.

Gida lafiya. Har yanzu ina Kiru, jami'a ta ƙara min hutu. Masarar Yaya Sani ta yi kyau bana, sai dai yana nan da halinsa na cewa ba ta yi ba. Jar akuyarki ta haifi biyu, kuma tun da kika tafi ba wanda take jin maganarsa. Gwaggo Asabe tana zuwa kullum da hantsi, ta zauna a inda kike zama, ta yi kuka kaɗan, ta sha kunu da yawa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Inna, wane irin aiki kika bar min haka?

Tun ranar sadakar uku na lura da wani abu. Mace za ta shigo ta yi min gaisuwa, ta yi miki addu'a har da hawaye, idan ta tashi tafiya sai ta matso kusa da kunnena ta tambaya ko akwai saura. Na ɗauka sauran abincin sadaka ake nufi, na yi ta sa ana zuba musu shinkafa a leda. Suna karɓa suna kallona kamar wadda ta yi musu rowa. Wata daga Bebeji, wata daga Tudun Wada, har da wata Bafulatana da ta ajiye min ƙwaryar nono ta ƙi tafiya. Sai da Gwaggo ta ja ni ɗaki ta warware min: shekara da shekaru kina raba wa matan ƙasar nan man ayu, wai mai sa miji ya riƙe matarsa hannu bibbiyu, kuma kowa ya san 'yarki dakta ce take aiko miki da shi daga bakin teku.

Ni, Inna? Ni Binta?

Bari in tuna miki abin da 'yarki take yi, ko da yake na faɗa miki har bakina ya gaji. Na karanta likitancin dabbobi. Na yi digiri na biyu, na tafi ƙasar da sanyinta ya kusa cire min kunnuwa na yi na uku. Aikina shi ne dabbobin ruwa masu shayar da 'ya'yansu nono, irin su ayu da 'yan uwansa na cikin teku. Idan ɗaya ya mutu ruwa ya turo shi gaɓa, sai in je da wuƙa da safar hannu, ina toshe hanci, in yanki kitsensa in kai ɗakin gwaji. Abin da nake nema a ciki guba ce: maganin feshin da ruwan sama yake wankewa daga gonaki ya zuba a kogi, da dalma, da zaiba, da dattin masana'antu. Duk a kitsen suke taruwa, uwa kuma ta shayar da ɗanta su. A kan wannan na yi ta rubuce-rubuce a mujallun masana, a kansa na tsaya gaban fararen fata da baƙaƙe na yi jawabi, kuma a kansa ne yanzu ake duba takarduna ko za a ba ni farfesa. In an taƙaita duk rayuwata, magana ɗaya ce: kada kowa ya kusanci wannan kitse. Ashe a garinmu ni ce dillaliyarsa.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kika nace a wanko miki hoton nan babba, wanda nake tsaye da takalmin roba kusa da mataccen ayu. Na yi zaton alfahari kike da karatuna. Har na gaya wa abokan aikina cewa uwata ba ta yi boko ba amma ta rataye hoton bincikena a saman gadonta. Ashe allon talla ne.

Ban yi dariya ba a ranar, tsoro ne ya kama ni. Na ce in da gaske man ayu kike rabawa, to Allah kaɗai ya san abin da matan nan suka yi shekaru suna shafa wa jikinsu, wasu da ciki, wasu da goyo. Na duba ƙarƙashin gadonki na sami langar da kike ajiye man a ciki, saura kaɗan a gindinta. Na ɗebi kaɗan na ba surukinki Baban Sadiya ya kai wa abokiyar aikina ta gwada. Da ta bugo waya, dariya ta hana ta magana. Man kaɗe ne, da kanumfari, da ɗan garin busasshen kifi don ya yi ƙarnin ruwa. Ta ce tun da take aiki ba a taɓa kawo mata abu mai tsabtarsa ba, kuma tana so in nuna mata tekun da dabbobinsa suke cin kanumfari.

Na ji sanyi a raina, sannan na ji haushinki, sannan na rasa yadda zan yi. In na faɗi gaskiya, na mai da ke maƙaryaciya alhali ƙasar kabarinki ba ta gama bushewa ba. In na yi shiru, na ci amanar aikina. Na zaɓi gaskiya, don kin san ni da taurin kai, kuma kin san inda na gado shi.

Ranar sadakar arba'in na tara su a tsakar gida. Ban ce kin yi ƙarya ba, na dai yi musu bayani dalla-dalla yadda nake yi wa ɗalibai, cewa ban taɓa aiko miki da komai ba sai atamfa da maganin ciwon gwiwa, kuma man ayu ba ya riƙe miji. Suna ta gyaɗa kai. Na ce a raina, lallai ilimi ya yi aiki. Ana cikin haka aka fara yayyafi. Sai ga surukinki ya yi sallama daga zaure, ya shigo tsakiyar mata kansa a sunkuye, ya miƙo min mayafi mai kauri da shayi a kofi, wai kada sanyi ya tayar min da mura. Har da tsayawa ya ga na kurɓa. Inna, da kin ga idanun matan nan. Shekara nawa ina roƙon mutumin nan ya daina irin wannan a gaban jama'a? Kafin la'asar labari ya zagaye gari cewa Binta ta ɓoye mai lamba ɗaya tana amfani da shi ita kaɗai, ragowar take aiko wa uwarta.

Da abin ya tsaya nan, da na tattara kayana na koma bakin aiki, su ce abin da za su ce. Amma washegari wata amarya daga Doguwa, Zulai sunanta, ta zo ta nuna min wata 'yar kwalba da ta saya wurin masu tallar magani da lasifika a kasuwa, tunda na hana. Na buɗe na shinshina, warin baƙin man inji ya bugi hancina. In jabu ne, ban san me aka zuba ba. In kuma na gaske ne, an kashe dabbar da ta kusa ƙarewa, kuma na fi kowa sanin abin da yake cikin kitsenta. Yarinyar tana da ciki, Inna. Ta ce ba ta shafa ba tukuna, don tana tsoron dokarki.

Na tambayi Gwaggo wace doka ce. Ta ce ba ki taɓa ba wata mace man nan ba sai kin kafa mata sharaɗi: duk wadda ta taɓa na kasuwa ko sau ɗaya, naki ya daina yi mata aiki har abada. Na tambaye ta yaushe kika fara wannan sana'a. Ta ce shekarar da na dawo da digirina na uku. Kin tuna ranar? Na zauna kusa da ke a tabarma ina ta zuba miki bayanin gubar da na gano a kitse, da yadda take bin nono ta shiga jikin jariri. Kina tsintar shinkafa, ko ɗaga kai ba ki yi ba. Da na gama kika ce in miƙo miki faifai. Na tashi raina a ɓace, kuma ban taɓa gaya miki ba, na daɗe ina jin ciwon cewa uwata ba ta san abin da nake yi a duniya ba. Gwaggo ta ce a satin nan kika ɗauko taki kwalbar ta man ayu na gaske, wadda kika ɓoye tun zamanin marigayi Baba, kika jefa ta a masai, kika tafi kasuwa sayen man kaɗe. Kin san in kin ce wa matan su bar man ayu ba za su bari ba.

Me ya sa ba ki gaya min kin ji ba? Da kalma ɗaya ta ishe ni.

Jiya na aika aka sayo man kaɗe da kanumfari. Gwaggo ta tsaya a kaina tana cewa kifin ya yi yawa, wai ke ba haka kike yi ba. Na karɓe kwalbar Zulai na ba ta namu, na kafa mata dokarki ba ragi. Ban ce mata man ayu ne ba. Na ce irin na Inna ne sak, kuma wannan ko a gaban masu duba takarduna zan iya rantsewa a kai. Sauran bayanin zan ci gaba da yi musu a hankali, ko da za a kai shekaru, amma ba zan bar su su koma wurin mai lasifika kafin su fahimta ba.

Ina roƙon Allah ya yafe miki 'yar ƙaryar nan, ya duba jariran da aka haifa lafiya. Ni ma ki yafe min zaton da na yi miki. Na yi kewarki, Inna, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Allah ya kai haske kabarinki, ya sada mu a Aljanna. Sai mun zo.

'Yarki kuma magajiyarki a sana'a,
Binta